Allunan da Maigida Ya Kasa Wankewa

Maigidana tela ne, shagonsa a Fagge, mu kuwa muna haya a Sabon Gari, ɗaki ɗaya da rumfa. Ran Lahadi shi ke wa'azi da Hausa a majami'armu, bayan an tashi daga sujadar Turanci. Wa'azin nan shi ne ransa. Ka hana shi tuwo kwana uku ya fi masa sauƙi a kan ka hana shi tsayawa gaban jama'a. Tsakiyar shekarun hamsin ne, ana ta zancen 'yancin kai amma bai zo ba tukuna.

Wata Laraba ya faɗo gida da rana tsaka, ko shagon bai rufe ba, rungume da littattafai biyu. Wani tsohon Baturen mishan da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa Zabura cikin Ibrananci, da wani ɗan littafin koyon baƙaƙen.

"Zo ki gani!" in ji shi. "Harshen annabawa ke nan! Kuma daga dama ake fara shi, kamar karatunmu na ƙuruciya!"

Ni ban ga komai ba sai baƙaƙe a jere kamar tururuwa, amma murnarsa ta kama ni har miyata ta kusa ƙonewa.

Kafin ya zama Kirista, makarantar allo ya yi a ƙauyensu wajen Zariya, kuma kansa ba ya riƙe abu sai hannunsa ya rubuta a katako. Saboda haka ya sayo allo, ya feƙe alƙalami, ni kuma na dama masa tawada da ƙaro. Kullum da safe kafin ya fita sai ya rubuta, ya biya da ƙarfi, ya juyo yana yi mini bayani ko na tambaya ko ban tambaya ba. Ranar da ya gane cewa waƙar Ibraniyawa layi biyu-biyu take tafiya, na biyun yana amsa na farko, tsalle ya yi. Na ce ashe lugude suke yi. Ya ce wallahi na fi shi ganewa, kuma da wannan misalin ya yi wa'azi ran Lahadi. Na zauna cikin mata ina ta fasa kai.

Sai ya iso kan sunan Allah, baƙaƙe huɗu. Ɗan littafin ya nuna masa cewa Yahudawa, don tsananin girmamawa, ko furta sunan ba sa yi, sai su ce Ubangiji a madadinsa. Da lokacin wanke allo ya yi, ya ɗauki buta, ya ajiye.

"Abin da masu shi ke tsoron ɗauka a baki," ya ce, "ni zan wanke in zuba a kwata?"

Ya sayo allo na biyu. To, wace zabura ce babu sunan a ciki? Kafin damina ta wuce alluna bakwai ne jingine a bangon ɗakinmu, ni da tukwanena muna neman wurin raɓawa. Na yi mita har na gaji.

Matar wani dattijon ikilisiya ta zo aron rariya, ta leƙa ɗaki, ta gani. Ba a kwana biyu ba magana ta gama Sabon Gari, wai tela ya koma tsibbu, yana yi wa mutanen Fagge rubutun sha. Dattawa suka dakatar da shi daga wa'azi. Lahadi biyu ya zauna a bencin baya kansa a sunkuye, ni kuwa zuciyata kamar ta fashe don haushi.

Ran Asabar da la'asar aka kira mu harabar majami'a. Ni na ɗauko allunan a ka. Shugaban dattawa wani tsohon Bayarabe ne, akawun jirgin ƙasa, Hausa a bakinsa tsaf, Baba muke ce masa. Ya saurari bayanin maigida har ƙarshe.

"Malam," ya ce, "Allah ba ya zama a cikin tawada. In ka yarda da haka, wanke su a gabanmu, a zuba ruwan a kwata, gobe ka hau wa'azi. In ba za ka iya ba, ka sauka ke nan."

Baba ya yi gaskiya, kuma maigida ya san haka. Amma da aka miƙa masa buta, na ga ya kasa zuba ruwan a kan allo. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baba, a yi mini aikin gafara. Inda ya yi karatu ba a wanke allo sai ɗalibi ya ba da hadda. A bari ya biya tukuna."

Baba ya harare ni, sannan ya gyaɗa kai. Maigida ya kifa allunan, ya rufe ido, ya fara. Kai, ranar na ji murya! Zabura bakwai da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kowace ya gama sai ya faɗi ma'anarta da Hausa. Duk inda ya iso sunan sai ya ɗan ja numfashi, ya ce Ubangiji, ya wuce. Masu wucewa a titi suka tsattsaya. Ni kuwa ina kuka ina dariya.

Da ya gama ya dafa ƙirjinsa, ya ce, "Ya shiga nan." Ya durƙusa ya wanke su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya taru a kwano, baƙi ƙirin.

Baba ya ce da kansa zai zubar. Ya ɗauki kwanon, ya taka har bakin kwata, ya tsaya. Muna kallon bayansa. Ya daɗe a tsaye. Can sai ya juyo, ya zaga bayan majami'a inda yashi ke da tsabta, ya durƙusa da farar babbar rigarsa, ya tona rami da hannu. Ya tsiyaye ruwan a hankali, ya mayar da yashi ya rufe.

Ya dawo yana kakkaɓe gwiwa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ya miƙo mini kwanon, ya ce wa maigida, "Gobe kar ka makara."