Rumbun da ɓarayi suka bari a buɗe

A tashar motar Encarnación wata mata tana zaune a bakin benci, kwamfuta a cinya, ƙafarta sai kaɗawa take. Farar rigarta ta sha guga, irin wanda Sistoci ke koyarwa a makarantar mishan a da. Wani direba da ya san ta ya miƙa mata kofin terere, jiƙon ganye mai sanyi da ake zagayawa da shi. Ta riƙe, ta manta.

"Ña Liduvina, kofin nan ba gadonki ba ne," in ji shi. "Sha ki miƙo."

"Haƙuri, ɗan'uwa. Masu watsa cutar kwamfuta sun manta ba su kulle rumbun bayanansu na intanet ba, ina ciki yanzu. Kafin su farga, sai na gano ko sun kwashe bayanan majinyatan asibitinmu. A hanya kuwa babu sabis."

Wataƙila likitoci na can suna jiran kiranta. Motar Asunción da za ta hau tana ta hon. Ta dube ta, ta mayar da ido kan aikinta. Motar ta fita.

Sai ta zuƙe jiƙon, ta miƙa kofin ba ta ce na gode ba, a al'adarsu alamar a sake zagayo mata da shi ke nan.