Maraƙin Ƙaiƙayi

Duk sanda na wuce ta wurin majema na shaƙi warin bagaruwa da ɗanyar fata, sai in tsinci kaina a zauren kakana a Madarunfa. Maharbi ne a ƙuruciyarsa. Da gwiwa ta gaza, sai ya koma yi wa matattun dabbobi siffar rai. Zai feɗe gauraka ko dinya daga tafki, ya cusa wa fatar audugar rimi, ya tsayar da wuya da tsinke, ya sa duwatsun ado a gurbin idanu. Turawan Maraɗi kan zo su saya, su kafa a ɗakunansu don ƙawa. Babana bai taɓa son sana'ar ba. Yakan ce halitta ta Allah ce, kuma ko kallon zauren ba ya yi in zai shiga gida.

Ina ƴar shekara tara aka yi babban farin nan. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba, tafki ya ja baya ya bar taɓo mai tsattsagewa. A cikin wannan hali inna ta haifi ƙanena, ga yunwa ga zazzaɓi, nononta ya ƙafe. Saniya ɗaya ta rage mana, ita ce ta zama uwarsa. Ni ke goya shi, don haka na san nauyinsa fiye da kowa.

Wata safiya aka iske maraƙin saniyar ya mutu a turke. In ba ka taɓa kiwo ba, bari in gaya maka: irin shanunmu ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu. Inna ta durƙusa da ƙwarya, ta ja, ta ja, ko ɗigo. Saniyar sai kuka take tana waige. Aka gwada wa jariri ruwan kunu, ya amayar. Washegari kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa, na riƙa jin bayana ba nauyi.

Kaka bai yi shawara da kowa ba. Dama ya riga ya feɗe maraƙin ya shafe cikin fatar da gishiri da toka. Na tambaye shi ko ba zai jiƙa ta a bagaruwa ba, yadda ya saba.

“Turawa da ido suke saye, jikalle,” in ji shi. “Ita wannan da hanci za ta duba.”

Ya ɗaura ƙafafu da kara, ya ɗura ƙaiƙayi, ya ɗinke ciki da basilla. Gaskiya abin bai yi kyau ba: wuya a karkace, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Babana na tsaye a bakin rumbu, bai hana ba, bai kuma taimaka ba.

Da la'asar kaka ya yayyafa ruwan kanwa a gadon bayan maraƙin, ya jingina shi a gaban saniyar. Ta ja da baya, ta hura hanci. Can ta miƙo wuya ta shinshina, ta fara lasa a hankali, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Inna ta kai hannu ga hantsa. Ban manta ƙarar zubar farko a gindin ƙwarya ba. Ƙanena ya sha, ya yi gyatsa, ya yi barci a bayana, ni kuwa na zauna a ƙasa.

Har damina ta dawo, babana ne da kansa ke fito da maraƙin daga zaure safe da yamma.

Yanzu ƙanen nawa yana da jikoki. Babban ɗansa ya gina gida a Yamai, ya kafa kan barewa a bangon salo, wato ɗakin baƙi, an ce daga waje aka kawo shi. Aiki ne mai kyau, ba ka ganin ɗinki ko ɗaya, kuma baƙi na tsayawa su yaba. Ran da na je, ɗan ƙanen nawa ya tambaye ni ko aikin kaka ya kai wannan. Na ce a kyau kam bai kai ba. Sai na nuna masa babansa, yana kishingiɗe yana shan fura, na ce ga aikin kaka nan.