Karsanar Da Na Karɓa Da Sunan Ɗana

Ni tsohuwa ce, ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, maƙwabciyata na roƙa ta rubuto maku wanga labari. Zamanin da sojan juyin juya hali ke mulki, ni mai saida albasa ce a kasuwar Malanbil, mijina ya rasu ya bar ni da yara. An san ni da tsanani da sa ido. Babu buhun da za a sauke daga garin Garu ban san ruɓaɓɓen da ke ƙasansa ba, babu ɗiyar unguwa da za ta daɗe wurin aike ban lura ba. Mutum guda ne ba ni duba, shi ne ɗana na fari. Haka munka tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. In ina son ya ji magana, ƙanwarsa nike gaya wa.

Ya gama jami'a a Kotonu, sai anka ce ya zarce wani karatu na sama, na yadda ake tafiyar da aikin gwamnati da auna dokokinta, a ga wadda ta amfani talaka da wadda ta cuce shi. Wannan daga baya na sani. Abin da na gani a lokacin, mutum ne da gemu ya dawo gida, kullum da safe shina shiga ofishin hukuma, manya na ba shi kujera. Ashe ɗalibi ne har yanzu, an turo shi ya yi bincike kan dokar burtali, inda shanu za su bi su sha ruwan kogi ba su shiga shinkafar mutane ba. Yakan hau keke har Gene, ya tambayi makiyaya, ya tambayi manoma. Ni kuwa kunya ba ta bar ni na tambaye shi ko aikin me yake ba.

Wata rana wani dattijon makiyayi, wanda matansa ke kawo mani nono, ya zo rumfata ya durƙusa, ya kira ni inna, ya ce sun ji ɗana ne zai yanke inda burtali zai bi, ga karsana sun kawo gaisuwar uwa. Na ce masa ba na shiga sha'anin yaron. Ya yi dariya, ya ce shi ma ba yaron ya kawo wa ba. A wurinmu maida gaisuwa zagi ne, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya yi daɗi. Na karɓa, na aika da ita garken ƙanena, ban faɗa wa kowa a gida ba.

Manoma sunka ji. Sunka kai ƙara cewa yaron ya ci karsana ya sayar da gonakinsu, a zamanin da kullum rediyo ke zagin masu cin hanci. Ina tsakiyar ciniki ƙanwarsa ta rugo ta ce jandarma sun tafi da yayanta. Ban san inda na bar zanen kaina ba. Na bi gidan liman, na bi gidan mai unguwa, na bi wani alhaji ɗan Kamba da ke da sani da manya. Kowa sai ya ce in yi haƙuri, wannan zamani ba a sa baki. Ni da mata ke tashi in na shigo, na durƙusa wa yaran da na ga haihuwarsu. Abinci ya ƙi shiga. Sallah ma sai in tsaya ban san raka'ar da nike ba.

Da na rasa wanda zan kama, na je na kwance karsanar, na ja ta da hannuna cikin rana har ƙofar jandarma, mutanen kasuwa na kallo. Na ce ta bakin tafinta ni na ci, ni za a ɗaure, yaron bai ko ga kalarta ba. Babbansu ya ce in faɗi sunan wanda nike magana a kansa. Na ce yaron. Ya ce yara da yawa ne a ciki. Ranar na faɗi sunan ɗana da bakina, shina tsaye bayan ƙarfe shina ji, ya sadda kai. Babban ya ce wa zai yarda uwa da ɗa na gida ɗaya ba su magana? Dattijon makiyayin ya zo, Allah ya saka masa, ya ce gaisuwa ce. Anka ce masa doka ba ta san gaisuwa ba.

Sun saki yaron bayan wahala mai tsawo, don babu shaidar ya sani. Amma labari ya riga ya isa Kotonu. Anka yanke masa kuɗin karatu, anka ce ba a koya wa mai tabo riƙon jama'a. Na ce zan je in faɗa masu da kaina. Yaron ya gaya wa ƙanwarsa ta ce mani in zauna, ƙofar ta rufe. Tun lokacin takardun motocin kaya yake cika wa direbobi a bakin gadar Gaya, nan ya yi furfura. Waɗanda sunka zauna aji ɗaya da shi na wucewa cikin motar gwamnati, wani lokaci su tsaya su gaisa. Bai taɓa ce mani uffan ba, kuma wannan ya fi mani zafi da zagi.

Don haka iyaye mata, ku ji daga wadda ta ƙone. Kunya ado ce, ban ce a zubar da ita ba, amma in ɗanku ya shiga karatun da zai kai shi kusa da hukuma, ku zaunar da shi ku tambaya, me kake, me aka hana ka. Hannun uwa hannunsa ne a idon duniya. Duk wanda ya kira ki inna da igiya a hannu, ki tambaye shi me yake so kafin ki miƙa naki. Da na yi tambaya ɗaya tak, da yau ɗana ba shi tsaye cikin hayaƙin mota shina jiran direba ya kira shi.