Tsohon Awo a Kan Gwaggo

Gwaggo, yayar babanmu, tela ce, kuma tunda ta buɗe shagonta ba ta taɓa rubuta awon kowa ba. Ta zagaya mutum da tef, ta gyaɗa kai, shi ke nan ya shiga kanta. Har gori take yi wa telolin da ke yawo da biro a bayan kunne.

To, shekaru sun ja. Hannun bai mutu ba, ɗinkinta har gobe ba na yarwa ba ne. Amma yanzu in ta auna mutum da safe, kafin ta gano inda ta ajiye almakashi sabon awon ya gudu, tsohon ya dawo ya zauna daram. Ni da na haifi uku na cika kujera fam, rigar budurcina ta ɗinka mini, a kafaɗa ta tsaya ta ƙi gaba. Mai kemis na kusa da ita kuwa, wandonsa bai san ya yi tumbi ba.

"Gwaggo, ta matse ni fa," na ce.

"Ɗinkina bai taɓa matse kowa ba. Cinki ne ya yi yawa."

Mu dariya muke yi, amma Auta, 'yarta, ta gaji da ba masu yadi haƙuri. Ta ce a rufe shagon, Gwaggo ta koma gidanta ta huta. Gwaggo kuwa hutun nan take tsoro, don a shagon take da mutanen da za ta yi wa faɗa. Da gardama ta yi tsawo, suka daidaita: Gwaggo ta ɗinka wa Auta riga, in rigar ta shige ta, shago ya zauna.

Ranar karɓa ina wurin. Gwaggo ta miƙa leda tana hura hanci. Auta ta zazzage, sai ga 'yar riga mai aljihu biyu a gaba, daidai yarinyar da za a sa a makaranta. Dariyar da na tanada ta maƙale mini. Gwaggo ta dubi rigar, ta dubi matar da ke tsaye gabanta da furfura a goshi, kuma a kan idona ta gane. Ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba.

Da kanta ta jawo ƙyalle ta lulluɓe keken ɗinkin.

"Aljihun don duwatsun da kike tsinta a hanya ne," ta ce a hankali. "Kullum sai kin yaga mini riga da su."

Auta ta daɗe tana shafa aljihun. Can ta miƙa hannu ta yaye ƙyallen, ta ajiye rigar a kan keken.

"Mama, ba ki sa maɓalli ba. Gobe na dawo na karɓa."