Robon da Inna ta ɗinka wa zane

Shekarun baya can, lokacin da ƴata take ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Ni mai gyaran rediyo da tele ne, shagona yana jikin gidanmu a tsohon garin Agadas. Na fi shekara ashirin ina riƙe da turnabis na kwance sukurori da ƙarfen dalma, kuma a lokacin gani nake duk abin da ke da waya a cikinsa ƙanena ne.

Sai aka kawo wani sabon mushe, wato malami, lakwal ɗinsu, makarantar ke nan, ya fara tara ɗalibai kowace Laraba da yamma yana koya musu haɗa robo. Ƴata ta shiga, ita da ƙawayenta biyu. Ni ban so ba. Jarrabawar bak ta gama lise na gabanta, ita kuma tana dawo mini gida da ƴan tayoyi da guntayen waya a jaka. Na ce mata wasan yara ne.

Ta ce, "Baba, ba wasa ba ne. Rediyonka sai an murɗa shi yake magana. Shi robo abu uku gare shi: yana gani, yana yanke shawara, sannan ya motsa."

Na ce, "Wa ya ba shi hankalin yanke shawara?"

"Mu mana. A odinata, kwamfuta ke nan, muke rubuta masa, in ka ga kaza ka yi kaza."

Na ce, "To ni ma na rubuta miki, in kin ga bak ki bar wasa."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Muka tsaya a kan cewa akwai ranar da za su nuna wa iyaye aikinsu, daga ranar ta bari. Daga baya na ji ashe shi ma direkter, shugaban makarantar, ya gaya wa mushen, in ba a ga abin kirki ba ran nan, zai karɓe ɗakin da ya ba su.

Ana saura kwana biyu, ta shigo shagona bayan azahar da kwali a hannu, ido ya yi ja. Ta buɗe. Wani ɗan abu ne bai fi akushi ba, taya biyu, pil huɗu, wato batura, da wasu ƴan idanu biyu a ƙarƙashinsa suna kallon ƙasa. Aikinsa ɗaya ne, a manna baƙin layi a kan farin katako, shi kuma ya bi layin duk inda ya lanƙwasa. Ta ce wata guda yana yi lafiya lau a cikin aji, yau da suka fito da shi filin lakwal inda za a yi taron, sai ya haukace. Mushe ya duba abin da suka rubuta, bai ga kuskure ba, ya ce ƙila waya ce, ta kawo wa babanta.

Kun san yadda kan mutum yake kumbura. Na gyara zaman tabarau, na ce, "Ai da ma ƙarshenta wurinmu za ku dawo." Na kwance shi kaf, na sake liƙe kowace waya da dalma, har waɗanda ba su yi laifin komai ba. Muka shimfiɗa katakon a tsakar shago, na kunna. Wallahi sai ga shi yana bin layi tiryan-tiryan, ya zo kwana ya ɗan yi jim kamar mai tunani, ya juya. Sai da tsikar jikina ta tashi. Shekara ashirin ina gyaran abubuwa, ban taɓa ganin wanda ya zaɓi hanya da kansa ba.

Maimakon in yi shiru in gode wa Allah, sai na ɗauki katakon na fito ƙofar shago, na kira maƙwabta su zo su ga aikin gwani. Abokina maƙerin azurfa yana zaune yana dafa shayi, ya matso da furnonsa na gawayi. Na ajiye robon, na kunna. Ko kallon layin bai yi ba. Ya miƙe sak, ya sauka daga katakon, ya je ya tunkuyi tiren shayin abokina, ƙananan kofuna suka watse.

Abokina ya ce, "Malam, in shayi yake so ai sai ya yi sallama."

Aka kwashe da dariya. Na ce pil ne suka yi sanyi. Na koma ciki na canza, ya yi aiki. Na sake fitowa, wannan karon akuyar maƙwabta ya nufa, ta tsinke igiya ta gudu. Gumi ya jiƙa mini riga. Na fara tunanin in sake kwance shi karo na uku.

Duk wannan abin ƴata tana tsugune tana kallon robon. Can sai ta ce, "Baba, tsaya. A ciki yana yi, a waje ba ya yi. A aji yana yi, a fili ba ya yi." Ta warware gefen gyalenta, ta riƙe shi a saman robon kamar laima, ta ce in kunna. Ya kama layi. Ta janye gyalen, ya ɓace. Ta mayar, ya dawo hanya.

Ta daka tsalle. "Rana ce! Baba, rana ce!"

Ta yi mini bayani tana haki. Idanun nan nasa wani haske suke harbawa ƙasa wanda mu ba ma gani. Fari yana dawo da hasken, baƙi yana shanye shi, da haka yake gane inda layi yake. To ranar Agadas tana ɗauke da irin wannan hasken da yawan gaske, sai ta cika masa ido, komai ya zama fari a wurinsa. Babu wayar da ta lalace tun farko. Ni kuwa na ɓata dalma a banza.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a zaure tana jin mu. Dukanci ne sana'arta tun tana budurwa, jakunkunan fata take ɗinkawa masu tuntu da ado. Ta ce, "Ku miƙo mini robar nan in gani."

Ƴata ta ce, "Robo ne, Inna, ba roba ba."

"Ko mene ne. Ba cewa kika yi rana ke kashe masa ido ba? Wa ya taɓa fita rana tsirara a garin nan?"

Ta auna shi da taƙi, ta jawo guntun jar fata, ta yanka, ta ɗinka masa zagaye ya sauko ya rufe idanun, saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Na ce ya isa haka. Ta ce ita aiki ba ya fita daga hannunta babu ado, ta bi shi da koren zare, ta maƙala masa ƴan tuntaye a baya. Washegari ƴata ta kai wa mushe, suka gyara lissafin da ke kansa ya dace da sabuwar inuwar, suka gwada a fili har sau biyar.

Ranar taron na rufe shago, Inna ta ce ƙafata ƙafarta. Hantsi ya ɗaga, iyaye sun zagaye katakon, direkter ya harɗe hannu a ƙirji. Da ƴan matan suka fito da robo sanye da jan zane, wurin ya kaure da dariya. Ƴata ta durƙusa, ta kunna. Ya tashi a hankali, ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, tuntaye na kaɗawa a bayansa kamar raƙumin biki. Dariyar ta mutu, kowa ya miƙa wuya. Da ya kai ƙarshe ya tsaya cak, sai Inna ta rangaɗa guɗa, wurin ya ɓarke da tafi. Wani dattijo kusa da ni yana ta faɗin, "Ikon Allah! Babu kowa a ciki?"

Direkter ya bar musu ɗakin. Ni kuma a hanyar gida ƴata ta tuna mini alkawarinmu, ta ce daga yau ta bari. Na yi gyaran murya na ce ai maganar ba ta gaggawa ba ce. Laraba ta gaba ni na raka ta, na zauna a bencin baya, gemuna da furfura, ina kwafar darasi. Bak kuma ta ci abinta.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne, ni hannuna ya riga idona, ita kuwa ta tsaya ta kalla kafin ta taɓa. Na kuma gane na'urar nan da ake cewa mai basira, iyakar abin da aka nuna mata ta sani. Wanda ya ƙera idanun bai san ranarmu ba, sai da ɗaliba da tsohuwar badukiya suka haɗa kai kafin ta yi amfani a nan.

Yanzu ƴata tana karatu a Yamai. Hutun da ya wuce ta zo ta tarar na haɗa wata fanka a shago, da mutum ya shigo sai ta tashi da kanta. Ta buɗe odinata ta karanta abin da ke ciki, ta ɗago ta ce, "Baba, wa ya rubuta maka wannan?"

Na ce, "Ni."

Ta ɗauki hoton fankar ta aika wa ƙawayenta, na leƙa ta kafaɗarta na ga abin da ta rubuta a ƙasa: "Aikin babana ne."