Neman Sunan Mai Haƙa Rijiya a Yashe

Kankia

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar gida, ni da baƙuwata Amina, Baturkiyar ƙasar Bulgeriya. Wani tsohon ɗalibina ne ya haɗa mu don in yi mata tafinta. Mahaifinta ya taɓa haƙa rijiyoyin burtsatse a yankinmu. A lokacin, gwamnatin gurguzu ta ƙasarsu ta tilasta wa Musulmi sauya sunaye, shi ma daga Isma'il ya koma Boris, kuma ya rasu bai karɓo nasa ba. Har yau 'yan'uwansa na cewa da son ransa ya sayar da sunan. Abin da ta zo ji ke nan, ko gaskiya ne. Ni dai a raina na ce wahalar banza za mu sha.

Kusada

Mun iso bakwai saura, bayan shinge ɗaya inda ɗan sanda ya juya fasfonta sama da ƙasa, ya ce mu gaida gida. Muka karya da ƙosai da koko. Duk dattijon da na tambaya Boris, sai ya girgiza kai.

Direbanmu Malam Sabi'u ya ce, "Malama, ku tahi Yashe wajen Hwulani. Su ba su mance wanda ya ba shanunsu ruwa."

Yashe

Ƙarfe tara muka hau babura zuwa ruga. Wata tsohuwa, Inna Jumma, ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura. Na ce Boris, ta ce ba ta san shi ba. Amina ta miƙa mata hoto. Tsohuwa ta kai shi dab da ido, sai ta saki salati.

"Ai Sama'ila ne! Wane Boris kuma? In abokan aikinshi sun tahi cin abinci, nan yake zagayowa bayan garke ya bi maigidana salla. Ya roƙe mu kar mu kira shi haka gaban su."

Ina fassarawa, kunyar abin da na raya da asuba ta kama ni.

Inna ta aika aka kira wani magidanci mai furfura a gemu. Ta ce ranar da rijiya ta ba da ruwa aka haife shi, aka mayar masa da sunan baƙon. Ta dube shi ta ce, "Ga ɗiyar mai sunanka."

Amina ta ce ya faɗi sunansa da bakinsa. Ya faɗa. Ta ce ya ƙara. Sau uku tana ɗauka a waya, tana kuka.

Gida

La'asar ta yi mana a Kankia. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Sabi'u da Inna Jumma. Kafin in kawo ruwan alwala, Amina ta kira ƙanin mahaifinta, wanda ya fi kowa zarginsa. Yana amsawa, ta kunna masa muryar magidancin nan yana faɗin sunansa, Sama'ila.