Kawu Isiya da Burtalin da Na Nome

Bana shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Isiya, wanda ya koyar da tarihi a Gusau kafin ya koma noma a ƙauyenmu na ƙasar Bungudu. Allah Ya jiƙansa. Ko huɗa yake yi, rediyonsa na gindin gawo yana ba shi labarin duniya.

Kallon matsoraci muke yi masa. In ana gardamar Amurka da Rasha a majalisa kowa ya ɗauki gwaninsa, shi sai ya ce ƙaramar ƙasa ba ta da gwani, ta gaisa da wannan, ta sayi taki wurin wancan. Yakan ce ba rashin makami ke kayar da manyan ƙasashe ba. Raina abokin gaba ne, da tsokano faɗa gabas da yamma lokaci guda, da toshe wa wanda ka fi ƙarfi hanyar wucewa.

A gonarsa ma haka yake. Yakan bar wa shanu burtali mai faɗi ta yamma, bayan girbi kuma ya bar wa Ardo Jaɓɓi, maƙwabcinmu makiyayi, kara. Shanu su ci, su bar masa taki. Na taɓa ce masa, "Kawu, wurin dami goma fa kake bari a banza." Ya ce, "Ɗana, mi ya fi tsada, dami goma ko maƙwabci?"

Da gonar ta dawo hannuna sai na ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Ina da takardar gonar, ina da mutane a gari. Na nome burtalin na kewaye da ƙaya. Sau biyu Ardo ya zo, ko tabarma ban shimfiɗa masa ba. Kaka na yi ya kwashe iyalinsa ya nufi wajen Tsafe.

Ba zan ce ƙayata ce ta kawo 'yan bindiga ba, abin ya fi ƙarfin gona ɗaya. Amma Ardo ne yakan aiko wa Kawu cewa an ga baƙin fuska a daji, a janye mata daga rafi. Ranar da suka zo mana babu wanda ya aiko. Shekara huɗu ke nan ina haya a Sabon Garin Gusau, ban taka gonar ba.

Yanzu ni ke rungume da rediyo, ina jin manya na alwashin gama yaƙi cikin mako guda. Na gaji da jinsu, don na san muryar, tawa ce. Da Kawu na raye ba na jin zai yi mamaki. Abin da ya bari bai wuce wannan ba: mai ƙarfi ma yana bukatar wanda zai aiko masa.

Makon jiya na ga Ardo a kasuwar Mada, ya rame, yana sayar da igiya. Na durƙusa na ce, "Baba, in ƙasa ta lafa zan buɗe burtalin, ka dawo."

Ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. In dawo da wace saniyar?"